Gaɓar Ƙwarangwal ta Namibiya: a ratsa ta a yini ɗaya ko a kwana a hanya?

Baban Amira:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Wani aiki zai kai ni Windhoek, babban birnin Namibiya, kuma in an gama ina da rarar kwana huɗu. Tun ina yaro nake jin labarin gaɓar tekun arewacin Namibiya, wadda ake kira Gaɓar Ƙwarangwal, inda sahara ke gangarowa har cikin Tekun Atlantika. Ga yadda na tsara: in ɗauki ƙaramar motar haya a Windhoek, in sauka Swakopmund in kwana, da asuba in kama hanyar C34 in yi arewa, in shiga gandun dajin gaɓar ta ƙofar Ugab, in fita ta ƙofar Springbokwasser, in kwana a Khorixas. Ni da ƙanena ne kawai. Wani abokin aikina ya ce ɓata mai ne, babu komai a can sai yashi da hazo. Wanda ya taɓa bin hanyar nan ya taimaka ya faɗa mini gaskiya.

Abu Hanif:
Wa alaikumus salam. Abokin aikinka bai yi maka ƙarya ba. Na bi hanyar, kuma da za a mayar mini da ranar nan da kudu zan yi, wajen tuddan yashin Sossusvlei. Awa bakwai muna tafiya, sama toka-toka, ƙasa toka-toka, teku toka-toka. Jiragen ruwan da ake ta kururutawa, yawancinsu guntayen ƙarafa ne da tsatsa ta cinye. Kwana huɗu ba su da yawa, kada ka zubar da su a nan.

Tsohon Direba:
Baban Amira, ɗana, bari in fara da lissafin hanya kafin a zo maganar kyau ko rashinsa. Daga Windhoek zuwa Swakopmund kilomita 360 ne ko kusa da haka, kwalta ce lafiyayya, ta Okahandja da Karibib da Usakos. Wannan ba matsala. Amma abin da ka tsara wa rana ta biyu ya kai kusan kilomita 500, kuma mafi yawansa ba kwalta ba ne. Daga Swakopmund zuwa Henties Bay wajen 70. Zuwa ƙofar Ugab wajen 200. Daga nan sai burji da gargada har ka fita gandun, sannan wata doguwar tsakuwar har Khorixas.

A takarda yana yiwuwa. Mutane na yi. Sai dai wanda ya yi haka idonsa na kan agogo ne, ba kan hanya ba. Lokacin da muka je, ba a barin mota ta shiga ƙofar Ugab bayan ƙarfe uku na rana, kuma mai takardar wucewa dole ya fita ta ɗaya ƙofar a ranar. To ka ga duk tsayawar da za ka yi, kana yi ne zuciyarka na ɗar-ɗar. Ina kyautata zaton abin da ya sami Abu Hanif ke nan.

Na yi shekara talatin da wani abu ina riƙe da sitiyari, ban taɓa ganin hanya mai yaudara irin hanyar gishirin da ke bin gaɓar nan ba. Ƙasa ce mai gishiri ake shimfiɗawa, a yayyafa mata ruwan gishiri, a daddanne. In ta bushe sai ta yi baƙi, ta yi sumul, ka rantse kwalta ce. Ƙafarka da kanta za ta riƙa nutsewa a totur. Amma da hazo ya sauka ya jiƙa ta, ta zama sabulu. Ka taka birki da ƙarfi, bayan motar ya zagayo gaba. Babu farin layi, babu ƙarfen kariya a gefe. Ka kunna fitila ko da tsakar rana ce, kuma ka tuna a can hannun hagu ake tuƙi. Kuskuren baƙo ba a cikin gari yake faruwa ba, inda wasu motoci ke tuna masa. A irin wannan hanyar yake faruwa, bayan ya tsaya ɗaukar hoto ya koma mota, ba kowa a gaba ba kowa a baya, hannunsa ya mayar da shi ɓangaren da ya saba.

Abu Hanif:
Baba, na yarda a gurguje muka yi ta. Amma ko da mun yi a hankali, toka dai toka ce.

Injiniya:
Malam Abu Hanif, tokar nan ita ce labarin wurin gaba ɗaya. Akwai wata igiyar ruwa mai sanyi da ake kira Benguela, tana tasowa daga kudu tana bin gaɓar zuwa arewa, kuma iska na ture ruwan sama tana jawo na ƙasan teku mai tsananin sanyi. Iskar da ke kwance a kan wannan ruwa sai ta yi sanyi ta yi nauyi, ba ta iya tashi sama ta haɗa hadari. Shi ya sa ga teku a gabanka amma ruwan sama ba ya zuwa, wani wurin a shekara ba ya samun milimita 20. Danshin sai ya zama hazo, ya kwanta a bakin gaɓa, da dare ya kutsa cikin sahara.

Duk wani mai rai a can da hazon nan yake rayuwa. Akwai wani ƙwaro da ke hawa kan tudun yashi da asuba, ya sunkuyar da kai ya ɗaga bayansa, raɓa ta taru a jikinsa ta gangaro bakinsa. Akwai tsiron welwitschia, ganye biyu kacal yake fitarwa duk tsawon rayuwarsa, iska na yayyaga su, kuma wasu sun haura shekara dubu. Hazon da ya hana ka ganin shuɗin sama shi ne ruwan shansu.

Kuma shi ne ya karkashe jirage. Ga hazo, ga igiyar ruwa mai ƙarfi, ga tuddan yashi a ƙarƙashin teku da ke sauya wuri. Wanda ya tsira daga ruwa ya fito gaɓa, sai ya tarar da abin da ya fi ruwan muni: ba rijiya, ba inuwa, ba gari. Da kwalekwale ana iya sauka, amma komawa cikin teku ta cikin wannan raƙuman ruwa ba ya yiwuwa.

Hajiya Babba:
Injiniya ya faɗi na ilimi, ni bari in faɗi abin da idona ya gani. Mun tashi daga Henties Bay cikin hazo, ko mita ɗari ba ma gani. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya sai ya fara yayewa kamar ana janye labule. A hagu teku na dukan gaɓa da ƙarar da kake ji har a ƙirjinka. A dama fili fetal, wani wurin fari, wani wurin ja kamar garin bulo, wani wurin baƙin dutse. Maigidana ya kashe mota muka fito. Ban taɓa tsayawa a wurin da ba na jin motsin ɗan Adam ko ɗaya ba sai ranar. Ba waya, ba injin, ba muryar kowa. Hawaye suka zubo mini, kuma ba baƙin ciki ba ne. Girman halittar Ubangiji ne ya cika mini zuciya.

Abu Hanif, ƙanena, ban ce ka yi kuskure ba. Wani wurin ba ya buɗe wa mai sauri fuskarsa, shi ke nan.

Baban Amira:
Hajiya, Allah ya saka da alheri. Maganar jiragen fa? Akwai wanda ake gani sosai daga hanya?

Injiniya:
Akwai Zeila, kudu kaɗan da Henties Bay. Jirgin kamun kifi ne da aka sayar a matsayin tsohon ƙarfe, ana jan sa zuwa Indiya, igiyar ta tsinke a 2008 ya zo ya kafe. Yana nan tsaye cikin ruwa kusa da gaɓa, baƙaƙen tsuntsayen teku sun mayar da shi gida. Shi ne wanda za ka gani cikakke. Bayan ka shiga ƙofar Ugab akwai ragowar wani ƙaramin jirgi a kan yashi, haƙarƙarinsa kawai ya saura, can gaba kuma akwai wani tsohon injin haƙar mai da aka watsar ya ruɓe. Wanda ka fi gani a hotuna, kwance tsakiyar yashi nesa da ruwa, Eduard Bohlen ne na 1909, kuma ba a wannan hanyar yake ba. Yana kudu da Walvis Bay, sai ta jirgin sama ko ayarin motoci masu izini na musamman. Gara ka sani tun yanzu.

Abu Hanif:
To ka ji. Abin da nake faɗa ke nan. A nuna maka hoton wani wuri, ka je ka tarar da wani.

Malamar Tarihi:
A nan kam ina bayanka, Malam Abu Hanif, masu tallar yawon buɗe ido na haɗa hotunan wurare daban-daban su liƙa musu suna ɗaya. Amma jirgin da ya fi kowanne labari ma ba a ganin sa yanzu. Dunedin Star ke nan, a watan Nuwamba na 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Ya taso daga Ingila da mutum 106, ya bugi wani abu a ƙarƙashin ruwa can arewa kusa da iyakar Angola, kyaftin ɗin ya kora shi gaɓa don kada ya nutse. Aka sauke sama da mutum sittin a bakin teku, har da mata da jarirai, sannan kwalekwalen ya lalace. Waɗanda suka rage a cikin jirgin wasu jirage suka kwashe su. Na kan gaɓa kuwa suka zauna cikin iska da yashi. Jirgin jan jirage da aka turo daga Walvis Bay shi ma ya kafe a hanyarsa ta komawa, ma'aikatansa biyu suka rasu. Jirgin saman yaƙi da ya sauka don ya ɗebe su, tayoyinsa suka nutse a yashi. Sai da ayarin motoci ya keto ta ƙasa, aka yi kusan wata guda kafin na ƙarshensu su isa Windhoek. Mutanen jirgin duka sun rayu. Waɗanda suka mutu su ne waɗanda suka zo ceto. Littafin da aka rubuta a kan wannan lamari a 1944 shi ya yaɗa sunan Gaɓar Ƙwarangwal a duniya, ko da yake ƙasusuwan manyan kifayen wel da na karnukan teku sun riga jirage cika wurin.

In kana tuƙi a hanyar kana tuna mutanen nan, filin da Abu Hanif ya kira toka zai yi maka wata magana daban.

Autan Zaure:
Yaya Baban Amira, ni shawarata ka manta da ƙaramar mota. Ka ɗauki jif mai jan ƙafa huɗu, ka rage iskar taya, ka sauka daga titi ka keta filin nan yadda ranka ke so. Na ga bidiyoyi, fili ne ba iyaka, ba ɗan sanda ba kowa. Daɗin abin ke nan ai. Wa zai je har can ya tsaya bin layi?

Hajiya Babba:
Auta, don Allah ka janye wannan maganar kafin wani ya ɗauka.

Autan Zaure:
Hajiya me na faɗa? Yashi ne fa. Iska za ta share sawun gobe.

Injiniya:
Ba za ta share ba, ƙanena, kuma nan ne mutane da yawa ke yin ɓarna ba da niyya ba. Kan tudun yashi iska na share sawu. Amma yawancin abin da ke gefen hanyar nan ba tudun yashi ba ne, fili ne na tsakuwa mai ɓawo a sama kamar ƙanzo. A kan ɓawon akwai wata irin gansakuka da ke manne da duwatsu, tana shan hazo, tana girma ƙasa da kaurin farce a shekara. Da rana za ka ɗauka busasshen datti ne. Ka zuba mata ɗigon ruwa ka ga ta buɗe ta yi kore ko ruwan lemo a gaban idonka. Akwai babban filinta kusa da Wlotzkasbaken, tsakanin Swakopmund da Henties Bay. Taya ɗaya in ta bi ta kai, ta fasa ɓawon, sawun na nan shekaru gommai. Ana ganin sawun motocin da masu su sun daɗe da mutuwa.

Sannan akwai wata 'yar ƙaramar tsuntsuwar teku, Damara, wadda kusan duk duniya a gaɓar Namibiya take hayayyafa. Ba ta yin sheƙa. Ƙwai ɗaya take sakawa a ɗan rami a kan tsakuwa, launinsa launin ƙasa. Daga cikin mota ba za ka taɓa ganin sa ba.

Kuma ba gaskiya ba ne cewa ba doka. Daga wajen Walvis Bay har kogin Ugab gandun Dorob ne, an kafa shi a 2010. Daga Ugab har kogin Kunene, wajen kilomita 500, gandun Gaɓar Ƙwarangwal ne tun 1971. Sauka daga hanyar da aka ware laifi ne a duka biyun.

Tsohon Direba:
Auta, bar ma maganar tsuntsu. Akwai fadamun gishiri a gefen hanyar, samansu a bushe ƙasansu taɓo. Jif ɗin da kake taƙama da shi zai nutse har ƙofa, kuma ƙafa huɗun ba abin da za su yi sai ƙara haƙa maka rami. Wa zai jawo ka? Sabis ɗin waya ya ɗauke tun baya. Inshorar motar haya kuma ba ta biyan abin da ya faru a wajen hanya.

Autan Zaure:
Na ji, Baba. Wallahi ban san haka abin yake ba. Na janye. Amma maganar babbar mota fa, ita ma kuskure ce?

Tsohon Direba:
A'a, nan ka yi daidai. Har Cape Cross ƙaramar mota na zuwa lafiya lau. Daga Ugab zuwa gaba, musamman in an juya gabas an kama C39, ina son mota mai tsayi daga ƙasa da tayoyi masu kauri. Ba don yashi ba, don duwatsu masu kaifi da gargada.

Maman 'Yan Biyu:
Bari in ba da nawa labarin a kan tayar nan, don har yau in na tuna gabana na faɗuwa. Mun karɓi mota a wani kamfanin haya, ba zan ambaci suna ba. Muka duba fenti, muka duba gilashi, muka sa hannu. Ba wanda ya ce a sauke safaya a gani. Bayan mun wuce mahaɗar Torra Bay mun juya gabas, tayar baya ta fashe, ba faci ba, ta yage ne gaba ɗaya. Muka sauke safaya, ashe iskarta rabi ce, kuma jak ɗin da ke motar na wata ƙaramar mota ne, ba ya ɗaga ta yadda ya kamata. Ga yara biyu a baya. Muka yi awa biyu da rabi ba mota ko ɗaya. Iska na kaɗawa da yashi har cikin haƙora. Abin da ya cece mu ruwa ne, don maigida ya dage sai da muka sayi jarka biyu a Henties Bay ina ta mita a kan nauyi. Daga ƙarshe wasu masunta da ke komawa gida suka tsaya, suna da famfo da jak mai kyau.

Don haka Baban Amira, ka sa a sauke maka safaya a gabanka, ka gwada jak ɗin da hannunka, in da hali ka nemi safaya biyu. Ka cika tanki a Henties Bay ko da rabi kawai ya sauka, kada ka dogara da cewa za ka samu mai a gaba. Ka riƙe tsabar kuɗi, dalar Namibiya ko rand na Afirka ta Kudu, duka ana karɓa kuma darajarsu ɗaya. In mota ta lalace kada kowa ya bar ta ya ce zai taka ya nemo taimako. Kuma ka gaya wa masaukin da za ka sauka ta wace hanya kake zuwa da lokacin da ya kamata su gan ka.

Baban Amira:
Subhanallahi. Allah ya ƙara kiyayewa, Maman 'Yan Biyu. Na rubuta duka. Ba wanda ya yi maganar Cape Cross sosai, ya cancanci tsayawa?

Abu Hanif:
Wari. Abin da zan ce ke nan. Kwana biyu yana cikin rigata.

Hajiya Babba:
Warin gaskiya ne, ka tafi da ƙyalle ka rufe hanci. Amma ka tsaya. Wajen kilomita 120 ne daga Swakopmund. Karnukan teku ne, waɗanda ake kira sil, kwance a kan duwatsu da yashi iyakar ganinka, wasu kuma cike da ruwa suna wasa da raƙuman teku. Lokacin haihuwa, Nuwamba da Disamba, suna haura dubu ɗari. Kukansu kamar garken tumaki da awaki ne a haɗe. Uwa za ta dawo daga kamun kifi ta yi kira, cikin dubban 'ya'ya baƙaƙe nata ya amsa, ta shinshina shi ta tabbatar sannan ta ba shi nono. Na fi rabin awa ina kallon wannan kaɗai. Sai dai ka shirya zuciyarka, za ka ga matattun jarirai da yawa, ga diloli na zagayawa a fili ba sa ko ɓuya. Da dare kuraye masu ruwan ƙasa ke zuwa, da safe za ka ga sawunsu. An yi gadar katako ta masu kallo, kada ka sauka daga kanta.

A hanyar zuwa za ka ga 'yan tebura a bakin titi an jera ƙanƙarar gishiri mai ruwan hoda, ba mai tsaro, sai gwangwani. Ka ɗauka ka saka kuɗin. Wannan amanar ta burge ni ƙwarai.

Malamar Tarihi:
Kuma a nan ne Diogo Cão, matuƙin jirgin Fotugal, ya kafa ginshiƙin dutse mai gicciye a 1486, daga nan sunan wurin ya samo asali. Sojojin ruwan Jamus suka tumɓuke shi a 1893 suka kai ƙasarsu, sai a 2019 aka mayar wa Namibiya. Waɗanda ke tsaye a wurin yanzu kwafi ne. Layin dogo na farko a ƙasar ma a nan aka shimfiɗa shi, a 1895, don jigilar kashin tsuntsaye da ake sayarwa a matsayin taki. Akwai 'yar maƙabartar ma'aikatan a kusa.

Ina da roƙo ɗaya, Baban Amira. Ana yawan cewa wannan gaɓa wuri ne da ba kowa, kamar tarihinta ya fara ne ran da Bature ya kafa dutse. Ba haka ba ne. Mutane sun yi zamani suna bin bakin kogunan nan, suna cin abin teku, har yau ana ganin da'irorin duwatsun bukkokinsu. Swakopmund ɗin da za ka kwana, mai gine-ginen Jamusawa masu kyau, an kafa ta a 1892, kuma a cikinta aka yi ɗaya daga sansanonin da Jamusawa suka tsare 'yan ƙabilar Herero lokacin kisan ƙare dangin 1904 zuwa 1908. Sanyin hazon nan da muke yabo, shi ya kashe da yawansu, mutanen cikin ƙasa ne da aka kawo ba sutura ana sa su aikin ƙarfi. A gefen garin akwai filin kaburbura marasa suna, tudu bayan tudu a cikin yashi. Sai a 2021 gwamnatin Jamus ta amsa da bakinta cewa kisan ƙare dangi ne. Ka ware awa ɗaya ka je can kafin ka kama hanya.

Abu Hanif:
Malama, wannan ban sani ba, kuma na kwana biyu a garin. Ya dame ni. Da na sani da na je.

Autan Zaure:
Tambaya: da gaske akwai zakuna a bakin teku, ko shi ma tallar ce?

Injiniya:
Da gaske ne. Zakunan sahara ne, ba su da yawa, suna bin busassun koguna irin su Hoanib da Uniab har bakin ruwa, kuma masu bincike sun tabbatar suna kama karnukan teku da tsuntsaye. A 'yan shekarun nan an sha gargaɗin masunta a wajen Torra Bay saboda su. Ganin su sai mai rabo. Abin da ya fi yiwuwa ka gani shi ne barewa da mariri, musamman a bakin Uniab inda ruwa ke ɓuɓɓugowa ciyayi suka yi kore. Giwayen sahara kuma sai ka shiga ciki, wajen Huab da Ugab ta gabas. In ka ga ciyayi masu duhu a bakin kogi, kada ka kutsa da ƙafa.

Baban Amira:
To jama'a, ga sabon tsari, ku duba mini. Rana ta farko Windhoek zuwa Swakopmund, da yamma in je maƙabartar da Malama ta faɗa. Rana ta biyu a hankali: filin gansakuka, Zeila, mai da ruwa a Henties Bay, in kwana a Cape Cross. Rana ta uku in shiga Ugab da safe in fita Springbokwasser, in kwana wajen Khorixas. Rana ta huɗu in koma Windhoek. Na so in kwana Terrace Bay amma kwanakin ba za su kai ba.

Tsohon Direba:
Yanzu ka yi magana. Terrace Bay dama sai wanda ya kama ɗaki tun kafin ya zo ake bari ya wuce can, Torra Bay kuma sansani ne da ake buɗewa Disamba da Janairu kawai. Ka bar su sai wani zuwan. Rana ta uku ka kasance a ƙofar Ugab kafin tara. Za ka gane ta, an zana manyan ƙoƙunan kai biyu a jikin ƙyauren. A tsakuwa kada ka wuce tamanin ko hanya ta yi maka kyau, in mota na tahowa ka rage gudu ka matsa gefe saboda duwatsun da take watsowa. Ka isa masauki kafin magariba, dabbobi na fitowa kan hanya da duhu. Rana ta huɗun doguwa ce amma kwalta ce daga Khorixas ta Outjo da Otjiwarongo. Kafin ka mayar da mota ka sa a wanke ƙarƙashinta, gishirin nan na cin ƙarfe.

Hajiya Babba:
Ka tafi da rigar sanyi mai kauri, kai da ƙanenka. Mutum na jin sahara sai ya ɗebi kaya marasa nauyi. Da safe a bakin tekun nan haƙora har kaɗawa suke. Amma da ka fita Springbokwasser ka yi gabas, cikin awa ɗaya zafi zai dawo, duwatsu su koma ja, sama ta buɗe. Ruwan kuma ba na wanka ba ne, ko ƙafa ka tsoma sai ka ji ta ƙage, ga ja.

Abu Hanif:
Ni dai har yanzu ina nan a kan cewa mai kwana huɗu kacal ya fi cin riba a kudu. Amma tsarin nan ya fi wanda na bi nesa ba kusa ba. In ka dawo ka gaya mana tsakani da Allah, ko da ya zama ni ke da gaskiya.

Baban Amira:
Assalamu alaikum, na dawo jiya da dare, lafiya ƙalau, taya ko ɗaya ba ta fashe ba. Baba, na sa an sauke safaya a gabana kamar yadda Maman 'Yan Biyu ta ce. Malama, mun je maƙabartar, ƙanena bai ce uffan ba har muka koma masauki. Abu Hanif, rana ta biyu hazo bai yaye ba sam, tun safe har dare, kuma na tuna da kai sosai. Zeila ma inuwarsa kawai muka gani. Rana ta uku muka isa Ugab takwas da rabi, mu ne mota ta biyu a littafin mai gadi. Bayan kamar awa ɗaya rana ta fito. Mun tsaya a wani wuri da hanya ta matso kusa da ruwa, muka tarar da sawun kura sabo fil a kan jiƙaƙƙen yashi, ya bi gaɓa ya yi arewa, gefensa kuma ga alamar abin da take ja. Mun bi shi da ido har inda ya shige hazo. Injiniya, ina da hoton wani tsiro mai kauri da na gani kusa da Springbokwasser, zan turo ka duba mini ko welwitschia ne, don ganyen sun fi biyu a idona.

Injiniya:
Barka da dawowa. Turo mu gani. In ganyen a kwance suke a ƙasa sun yayyage kamar tsumma, ka duba gindin, za ka ga daga wuri biyu kawai duk suka fito.